Wai Wa Ya Ce Gashin Gawayi Gadon Kakanninmu Ne?

Tun da aka fara sauke ragunan layya a kasuwar Dei-Dei, majalisar ƙofar masallacin unguwar nan ba ta da wata hira bayan la'asar sai ta gashin nama. Wani yaronmu da ke aiki a cikin gari ne ya jawo maganar. Ya sayo abin gashi irin mai aiki da tukunyar gas, ya ce bana da shi zai gasa ɗan abin da ya samu na layya, don kada ya turnuƙe maƙwabta da hayaƙi. Ai kuwa aka yi masa caa. Wannan ya ce naman gas ai ɗumame ne. Wancan ya ce yaro ya hango 'yan Maitama yana so ya zama su. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya rufe taro da cewa duk wanda ya bar gawayi ya yar da gadon kakanninsa. Aka yi dariya, aka tashi sallar magariba, yaro ya tafi gida da kunya.

To mu dai, tare da neman afuwar iyayenmu dattawa, muna bayan yaron nan. Mun zauna mun auna maganar, mun ga hujjojin da ake kafawa don kare wutar gawayi a tsakar gidajen haya ba su da ƙafar tsayawa, kuma abin da muke asara a dalilinta ya wuce a mayar da shi abin raha.

Mu fara da maganar gado, tunda ita aka fi ɗaga murya a kanta. Duk wanda ya tashi a Katsina ko Zariya ko Maraɗi shekara arba'in da suka wuce ya san yadda mahauci ke gasa tsire. Tukuba ce, tudun toka da ƙasa, a hura itace a tsakiya, a kakkafa tsinkaye a kewaye, ana juyawa ana yayyafa man gyaɗa. Ranar layya a Sakkwato da ƙasar Nijar, har gobe banƙare rago ake yi a jikin sanda, a jingina shi gefen wutar itace ya wuni yana gasuwa a hankali. Kilishi kuwa rana ce ke yi masa yawancin aikin, wuta leƙa shi kawai take yi a ƙarshe. A gidajen Kano, naman layya suya ake yi masa da kitsensa, a adana shi ya yi watanni. Ina gawayi a duk wannan? Gawayi a ƙasar Hausa kayan aikin maƙeri ne, sai mai wanki da dutsen gugarsa, sai tsohuwa da kaskon jin ɗuminta da na turaren wuta. Rabin duro da ragar waya da buhun gawayi, waɗanda yau ake rantsuwa da su, a birni muka tarar da juna. Gawayi ya mamaye tsakar gida ne lokacin da kananzir ya gagari talaka, kuma waɗanda suka ga shekarun 1990 ba su manta da murhun nan da aka laƙaba wa sunan Abacha ba. Wato abin da wahala ta koya mana jiya, shi ne yau muke yi wa rawani muna kiransa al'ada. Ko sunan abin ma ai ya sauya a hannunmu. Abin da iyayenmu suka sani da tsire, a Abuja suya kowa ke ce masa, mu ma mun bi sahu, ba wanda ya ce an yar da gado.

Sai maganar ɗanɗano. Ku je ku tsaya gaban duk mai tsiren da ya san sana'arsa, ku lura. Ba zai taɓa ɗora nama a kan gawayin da ke hayaƙi ba. Sai ya fifita shi ya zama jan garwashi, hayaƙi ya ɗauke, sannan ya jera tsinkayensa, domin ya san hayaƙin gawayin da bai kama ba ɗaci yake sa wa nama. Ƙanshin nan da ke jawo mutum tun daga bakin titi, kitse ne ke ɗiga a kan zafi ya ƙone, tururinsa ya taso ya koma jikin naman, ya haɗu da ƙuli-ƙuli da citta da masoro da barkono. Kitse kuwa bai san ko garwashi ya faɗa wa ko ƙarfen da gas ya gasa ya yi ja ba. Mun yarda garwashin ƙirya yana da zafi mai kyau, kuma gwani yana fitar da wani abu da shi wanda mu ba mu iya ba. Amma mu nawa ne gwanayen? A faɗi gaskiya a kunyata shaiɗan. Gashin da ake yi a tsakar gidajenmu ranar Sallah kowa ya san shi: a kwara kananzir, a cusa leda da guntun silifas don wuta ta kama da wuri, a ɗora nama tun roba ba ta gama ci ba, waje ya ƙone ƙurmus, ciki kuma jini. Wasu ma da tsohuwar taya suke babbakar kai da ƙafa. Shi ne ɗanɗanon da ake tayar da jijiyar wuya a kansa?

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, masu gardamar ɗanɗanon nan ba su ne ke zaman bakin wutar ba. A majalisa suke, sai dai a kawo musu a faranti. Mai fifita wuta da guntun kwali, idonta na hawaye, goyo a bayanta yana shaƙa tare da ita, ba a tambaye ta ra'ayinta ba. Kuma buhun gawayin da aka sayo don gashin Sallah shi ne dai wanda za ta ci gaba da tuƙa tuwo da shi safe da yamma har wata Sallar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida, na itace da gawayi da kananzir da makamantansu, yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Ba sai mun je Janiba ba kafin mu gaskata. Mu shiga ɗakin shan magani na unguwa mu ƙirga yaran da ake kawowa da tari da sarƙewar numfashi.

A Amurka, inda aka fi yin wannan gardama ta gas da gawayi, kowane mai gashi yana da filinsa a bayan gida, hayaƙinsa iska ke kwashewa. Haka ma masu gidaje a Asokoro da Gwarinpa. Mu fa? Ɗaki goma sha biyu, tsakar gida guda, igiyar shanya guda, ƙofa na kallon ƙofa. Idan mutum ɗaya ya hura kurfoti, gida goma sha ɗaya ne za su ci hayaƙin da ba su ci namansa ba. Akwai mai jego, akwai tsoho mai asma, akwai wadda ta wanke kayan Sallar 'ya'yanta ta shanya. Kullum malamanmu na karanta mana haƙƙin maƙwabci a kan mumbari, muna gyaɗa kai. Ashe hayaƙi ba ya cikin cutarwa?

Akwai kuma wanda ya fi hayaƙi sharri, domin shi ba a ganinsa. A hunturun da ya wuce, a wani gida da ke layinmu, an gama gashin kifi da dare, garwashi ya rage, uwar gida ta ga asara ce a kashe shi ga sanyi ana yi, ta shigar da kaskon ɗaki ta rufe ƙofa da taga. Da asuba maƙwabciya ce ta ji shiru ya yi yawa ta buga ƙofa. Allah ya sa da sauran kwana, amma yara biyu sai a asibiti suka farfaɗo. Garwashi idan yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, irin dai wadda janareta ke fitarwa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai take fara sa wa mutum, sai jiri, sai barci mai nauyi, daga nan sai dai a ji labari. Mun saba cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Mu kuma tuna a ina muke zaune. Abuja ce, garin da aka zana a takarda tun bayan dokar 1976 ta zamanin Janar Murtala, kuma unguwanni irin tamu da yawa ba sa cikin zanen. Waɗanda suka ga rusau na zamanin ministan Abuja Malam Nasiru el-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, sun san yadda katafila ke mayar da gumin shekara ashirin ƙura kafin azahar. Lungunanmu motar 'yan kwana-kwana ba ta shiga. Kusan kowane ɗaki akwai jarkar fetur ta janareta ko ta babur, rufi kwano, silin kwali, labule a kowace ƙofa. Tartsatsi guda iskar hunturu za ta ɗauka, layi guda ya tashi. Ranar da haka ta faru, Allah ya kiyaye, ba asarar kaya kaɗai za mu yi ba. Mu da kanmu za mu miƙa wa masu neman dalilin tayar da mu dalilin da suke jira. Baƙon da ke zaune a kan tabarmar aro ba ya wasa da wuta.

Yanzu mu zo kan abin da majalisa ba ta son ji. Daga ina gawayin nan yake zuwa? Duk wanda ya bi hanyar Lokoja ta Kwali da Abaji, ko hanyar Kaduna, ko ta Keffi zuwa Akwanga, ya ga buhunan a jere a bakin titi kamar an yi girbi. Girbin daji ne. A irin ramin da ake binne itace a turara shi da ƙasa, sai an ƙona kilo shida zuwa goma na itace kafin a sami kilo guda na gawayi. Kuma ba kowane itace masu saye ke so ba, sai mai nauyi mai daɗewa yana ci: ƙirya, marke, ɗorawa, kaɗanya. Kaɗanya kan yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, mai zarton inji kuma kafin ya gama shan sigari ya kwantar da ita. Da ita matan Nufawa da na Gbagyi a jihar Neja ke samun man kaɗe suna biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya zuwa waje na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Gwamnati na gadin ƙwallo, mu muna gasa tsire da uwar. Ɗorawar da muke ƙonawa kuma ita ce kalwar daddawar da babu miyar kukar da ke daɗi sai da ita.

Wannan magana ta fi shafarmu fiye da kowa a Abuja. Me ya fito da da yawanmu daga gida? Iyayenmu sun ba mu labarin farin 1973 da na 1984. Mun ga gonakin Daura da Gumel da Illela sun koma rairayi, mun ga matan ƙauye na girki da kara da kashin shanu saboda itace ya ƙare. Har hukuma guda gwamnati ta kafa a 2015 don dasa katangar bishiyoyi a jihohi 11 na arewa, ko hamada ta dakata. Mu da muka san ɗacin wannan, mu ne za mu zo ƙasar Gbagyi, mutanen da suka karɓe mu suka ba mu wurin zama, mu zama kasuwar da ke cinye musu daji? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ranar da dajin Kwali ya zama fako, ba wanda zai tuna da attajirin da ya loda tirela. Mai tsire da mai shayi da mai buhun gawayi a bakin kasuwa za a nuna da yatsa, a ce Hausawa ne.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba mu raina ta ba. Za a ce gas bam ne a cikin gida. Tsoron yana da tushe. A watan Janairun 2020 gas ya fashe a wani shagon ɗura a Sabon Tasha ta Kaduna, mutane suka mutu, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Amma a duba inda abin ya faru: wurin da ake juye gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar jama'a. Wannan shi ne abin yaƙa, kuma irin waɗannan shaguna muna da su a lungunanmu, mun zuba musu ido. Gas ɗin girki da gangan ake sa masa wari don hanci ya kama shi idan yana yoyo, abin da gubar garwashi ba ta da shi. Ƙa'idojinsa kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Tukunya a tsaye, a waje ko inda iska ke ratsawa, kada a kwana da ita a ɗaki, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. A shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, in ya yi kumfa akwai yoyo. Tiyon da ya tsage a sauya shi, kada a ɗaure da ƙyauro ko leda. A duba shekarar da aka buga a jikin tukunya, wadda ta haura shekara 15 ta gama aiki. In an ji wari a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Mu da muke tuƙa tirela daga Legas zuwa Maiduguri, mu gyara injin janareta a bakin titi, wannan ne zai gagare mu?

Za a ce kuma gas ya yi tsada. Wallahi ya yi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, komai ya tashi, har kilo guda na gas ya haura naira 1,000 a 2024. Abin kunya ne ga ƙasar da ke ƙona gas a banza a Neja Delta, wadda kuma a 2021 Shugaba Buhari ya ayyana mata shekara goma na bunƙasa gas. Wannan kuka ne da ya kamata mu kai wa 'yan majalisarmu da kansiloli duk ranar da suka zo neman ƙuri'a. Sai dai gawayin ma ai bai tsaya inda yake ba, kuma mai sayen na ɗari biyu ɗari uku a leda kullum, in ya tara na wata zai sha mamaki. A ɗora kuɗin kananzir na hura wuta, da na maganin tari, da na sabulun wanke tukunya da bango. Abin da ke hana talaka gas shi ne kuɗin farko na sayen tukunya da kanta. To, mu da muka iya adashin kayan ɗaki da na ragon suna, adashin tukunya mai kilo 3 ko 6 ne zai fi ƙarfinmu? Abin gashin ma ba sai an sayo na kanti ba. Masu waldar unguwar nan da ke ƙera ƙofa da gadon ƙarfe za su iya ƙera teburin gashi da za a ɗora a kan murhun gas, gida guda su haɗa kuɗi su mallaki ɗaya.

Saura maganar 'yan'uwanmu masu cin abinci da wannan sana'a. Ba mu ce a taɓa mai tsire ba. Shi a fili yake, wutarsa guda tana ciyar da mutum ɗari, ya san lokacin hurawa da na kashewa. Masu kilishin Area 1 da masu balangun bakin titi sun ɗaga sunan Bahaushe a garin nan fiye da 'yan siyasa da yawa. In ma gawayi zai rage a wani hannu, to a hannunsu ya dace ya rage. Masu sayar da gawayi kuma ba abokan gabarmu ba ne, tare muke sahu. Amma mai ƙaunarka shi ke gaya maka gaskiya: sana'ar da jarinta daji ne, dajin kuma ba a dasawa, ƙarshenta a bayyane yake. Tun yanzu ya kamata ƙungiyarsu ta fara duba gawayin da ake curawa daga ɓuntun shinkafa da garin katako, wanda ba a sare ko reshe kafin a same shi.

Don haka ga abin da muke roƙo kafin ranar Sallah. Mai girma Sarkin Hausawa da kwamitin masallaci su ware fili guda a sarari, nesa da ɗakuna da jarkokin mai, inda duk mai son gashin garwashi zai kai namansa, a ɗauki mahautanmu biyu ko uku su yi aikin a biya su. Su sun samu, mu mun ci gashin gwani, matanmu sun huta. A tsakar gidan haya kuwa, masu gida da 'yan haya su yi yarjejeniya: babu hura gawayi da leda ko roba, babu babbaka da taya, babu shigar da garwashi ɗaki ko da sanyi zai tsaga dutse. Limamanmu su ware minti biyar a huɗubar Juma'a su faɗi wannan, domin maganar da ta fito daga mumbari ta fi ta mujalla shiga kunne. Matasanmu masu ilimi su zagaya gida gida su nuna wa iyaye mata yadda ake gwada tukunya da ruwan sabulu. Shagunan ɗura gas da ke manne da ɗakunan kwana kuma a zauna da masu su, a nema musu wuri a bakin hanya tun ba a yi kuka ba.

Shi kuma yaron da aka yi wa dariya, muna ba shi shawara ya yi haƙuri, ya gasa namansa yadda ya yi niyya, ya sa yaji da kyau, ya zuba a faranti ya kai wa majalisa bayan la'asar ba tare da ya ce komai ba. Mun san mutanenmu. Sai an sinɗe farantin tas sannan wani zai tambaya ko gawayin ƙirya ne.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya karɓi layyarmu, ya tsare unguwarmu daga gobara da rusau, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.